Curin Ɓaure a Kan Marurun Sarki

Karatun yau: 2 Sarakuna 20:1-11, 2 Tarihi 16:7-13



A hunturun bara na je gaishe da wata mamarmu ta zumuntar mata a wani ƙauye da ke arewa da Dambatta. Na same ta zaune a rana tana murza yatsunta. Shekara uku ke nan amosanin gaɓɓai yana cin ta. Da safe hannuwanta sukan sandare har hantsi, ba ta iya riƙe taɓarya, ba ta iya jan guga, muciya ma sai jikarta ta karɓa. 'Ya'yanta sun sayar da gyaɗa sun kai ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, likita ya auna jininta ya rubuta mata magani. Amma ga maganin nan a ƙulle cikin leda a ƙarƙashin katifa, mako biyar ba ta taɓa shi ba.

Na ce, "Mama, me ya hana ki sha?"

Ta ce, "Malam, tsoro nake ji. Yaron nan ya karanta takardar da ke cikin kwalin, ya ce har masu ciwon daji ake ba shi, kuma yana taɓa hanta. Ban da haka, ranar taron farkawa an ɗora mini hannu. In na sha, ba na nuna wa Yesu ban gaskata ba ke nan?"

Tsoro biyu ne a zuciyarta, na biyun kuwa ya fi nauyi, kuma mu masu wa'azi muna da hannu a cikinsa. Na sha jin ana cewa a kan bagade, wanda ya karɓi warkarwa ya zubar da ƙwayoyinsa. Ni mai bishara ne, na gaskata Yesu yana warkarwa yau kamar jiya, na ga abin da addu'a ta yi da idona. Duk da haka ina faɗa muku, wannan koyarwa ba daga Littafi Mai Tsarki ta fito ba.

Ku dubi Hezekiya. Annabi Ishaya ya kawo masa saƙo mai ɗaci, cewa ya shirya gidansa domin ajali ya zo. Sarki ya juya fuska ga bango ya yi kuka. Kafin Ishaya ya fita daga fada, Allah ya komo da shi da sabuwar magana: an ji addu'ar, an ga hawayen, an ƙara masa shekara 15, a rana ta uku zai shiga Haikali. Alkawari ya riga ya fita daga bakin Allah. To, sai me annabin ya yi? Ya sa aka kawo curin ɓaure aka ɗora a kan marurun. Ɓaure, irin wanda muke gani a bakin fadama! Hezekiya bai ture hannun mai ɗora masa ba, bai ce ai an riga an yi mini annabci ba. Bakin da ya faɗi alkawarin shi ne ya ba da umarnin maganin.

Wani zai ce, to sarki Asa fa, wanda aka zarga don ya nemi masu magani? Wannan aya ta dame ni lokacin da nake makarantar tauhidi, sai da na karanta surar daga farkonta. Tun kafin ƙafafunsa su kamu da ciwo a shekara ta 39 ta mulkinsa, Asa ya riga ya kwashe azurfa da zinariya daga ɗakin Ubangiji ya aika wa Ben-hadad na Dimashƙu don ya taimake shi. Da Hanani ya tsauta masa, sai ya jefa shi kurkuku. Mutum ne da ya rufe kunnensa ga Allah tun da daɗewa, ko a kan gadon ciwo bai buɗe ba. Laifinsa ke nan. Ai Bulus da kansa yana yawo da likita, wato Luka, yana kuma kiransa ƙaunatacce (Kolosiyawa 4:14).

Wanene a cikinmu yake roƙon damina mai albarka sannan ya bar takinsa a zube a bayan gida? Muna addu'a, muna kuma kora jakuna zuwa gona tun rani.

Tsoro na farko kuwa, maganinsa sani ne. Na koma asibiti tare da ɗanta muka tambaya, ga abin da muka fahimta. Irin ciwon Mama ya bambanta da ciwon gwiwar tsufa. Garkuwar jiki ce, wadda aka halitta don ta yaƙi cuta, take juyowa tana cin gaɓoɓin mai ita, kuma ya fi kama mata. Maganin da aka ba ta sunansa methotrexate. Gaskiya ne ana ba masu ciwon daji, amma da yawa ƙwarai. Abin da ake ba mai amosani kaɗan ne, kuma likitocin duniya suna amfani da shi ga wannan ciwo tun shekarun 1980. Sau ɗaya ake sha a mako. Ku ji da kyau, sau ɗaya a mako, rana guda tsayayya. Wanda ya sha shi kullum kamar Panadol zai iya rasa ransa. Ana haɗa shi da wata ƙwaya, folic acid, wadda ake sha a wata rana dabam don ta rage tashin zuciya da gyambon baki. Ana auna jini lokaci lokaci don a duba hanta. Mai ciki ko mai neman haihuwa ba ta sha. Ba a haɗa shi da Septrin, saboda haka kada mai kemis ya ba ka kome sai ka faɗa masa abin da kake sha. Giya da burkutu ba sa tafiya da shi, ko da yake ɗan Allah bai kamata sai likita ya faɗa masa wannan ba. In zazzaɓi ya zo, ko numfashi ya yi wuya, ko baki ya cika da gyambo, a dakata a koma asibiti ranar.

Kuma ba ya aiki da sauri. Yakan ɗauki makonni, wani lokaci har wata uku. A nan Shaiɗan yake samun ƙofa, ya ce ka gani, kuɗinka kawai ka zubar. Sai mutum ya koma wurin masu talla a kasuwa da lasifika, ya sayi haɗin ƙwayoyi marasa suna. Zafin ya kwanta kwana biyu, ciki ya ƙone, fuska ta kumbura, gaɓoɓin kuwa suna ci gaba da lalacewa a ɓoye. Abin mamaki, waɗannan ba ma jin tsoronsu. Sai wanda aka auna mana jini kafin a ba mu, shi muke ɓoyewa ƙarƙashin katifa.

Mama ta zaɓi Litinin. Muka kira dattawan ikilisiya suka shafe ta da mai bisa ga Yakubu 5:14, ta riƙe ƙwayoyin a tafinta muka yi godiya a kansu kamar yadda ake yi wa abinci, ta haɗiye. Jikarta ta zama mai tsaron kalanda. Makonnin farko ta sha tashin zuciya, sau biyu ta aiko mini cewa za ta bari. Kafin shuka, sandarewar safe ta ragu, ta koma tuƙa tuwonta. Yatsu biyu da suka riga suka karkace ba su miƙe ba har yau, muna nan muna roƙo a kansu.

Addu'a: Ya Uba, kai ka halicci ɓaure, kai ka ba likita hikima. Ga maganin da ke hannuna, ga tsoron da ke zuciyata, na kawo su duka gabanka. Ka tsare hantata da jinina, ka tuna mini ranar sha, ka ba ni kuɗin mota da na gwaji, ka ba ni haƙuri a makonnin da ban ga canji ba. Ka taɓa gaɓoɓina ta hanyar da ka ga dama. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.