Tafi da Kirari a Gefen Fili: Ina Iyakar Take?

Ranar gasar guje-guje tsakanin gidajen ɗalibai, a sakandaren Gaya ko ta Ajingi, rabin aikin a gefen fili ake yin sa. 'Yan Jan Gida sun kife bokiti suna duka, 'yan Koren Gida sun jeru suna tafi, wani mai zaƙin murya yana zuga gwaninsu da kirari har jijiyar wuyansa ta miƙe.

A Amurka wannan zugar ta zama wasa mai zaman kanta. Ranar 2 ga Nuwamba 1898 wani ɗalibi, Johnny Campbell, ya tsaya gaban 'yan kallon ƙwallo a Jami'ar Minnesota yana bayarwa suna amshi. Da fari harkar maza ce. Mata sun mamaye ta ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da samari suka tafi fagen daga. Yau ta haɗa rawa da tsalle da jefa mutum sama a cafe, kuma a 2021 Kwamitin Olamfik na Duniya ya amince da ƙungiyar wasan. Duk ɗalibin da ke riƙe da waya yana iya ganinta, shi ya sa iyaye ke tambaya ko ta halatta.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha ta kalli Habashawa suna wasa da masu a masallaci, Annabi (SAW) yana kare ta da mayafinsa. Sun kuma ruwaito labarin 'yan mata biyu da ke waƙa a ɗakinta ranar idi. Sayyadina Abubakar ya tsawata, Annabi ya ce a ƙyale su. A ƙasar nan ma malamai sun ja zancen: Abdullahi na Gwandu ya tsananta kan kiɗe-kiɗe, yayansa Shehu Usmanu kuwa ya sassauta a rubuce-rubucensa na baya. Abin da su duka ba su lamunta ba shi ne cuɗanyar maza da mata da tsiraici. To, nan gizo ke saƙar, domin gajeren siket da rawar 'yan mata a gaban maza, irin na bidiyon Amurka, ba su da mazauni a Gaya, kuma iyayen da suka ƙi suna da hujja.

Amma kuskure ne a ce zugar kanta baƙuwa ce. Manomin Ajingi ya san yadda gangar noma ke sa samari su ƙara sunkuyawa a gonar gayya. A gaɗa kuwa, 'yan mata kan yi rabin da'ira suna tafi, ɗaya ta juya baya ta saki jiki ta faɗo, ƙawayenta su tare ta su cilla ta gaba. Ba ta waiwayawa, don ta amince hannuwa na nan. Amanar da ake koya wa ɗaliban Amurka a kan katifa ke nan, kuma tarbiyya ce ta gaske ga yarinya 'yar shekara 15.

Makarantar 'yan mata za ta iya tsara abinta a harabarta, da malama mai kula, da sutura cikakkiya, da waƙoƙin da ba zambo ko habaici ga ɗaya gidan. Samari su riƙe kirari da ganga. Jefa mutum sama dai a bar shi sai an sami katifa da ƙwararren mai koyarwa, domin faɗuwa a kan busasshen fili tana iya karya wuya.