Mudu Ɗaya Ga Kowa: Alƙawarin Makarantun Horar da Kociyoyi



Yaranmu da suka taso a Agege, Idi-Araba da Mile 12 sun fara kallon aikin koci a matsayin sana'a. Wasu na tambayar yadda ake shiga Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke babban filin wasa na Surulere, wasu kuma kwas ɗin hukumar ƙwallo ta NFF suke hari. A ƙasashe da yawa, makarantu irin waɗannan sukan rubuta alƙawari cewa ba za su ware kowa ba saboda ƙabilarsa, addininsa, jinsinsa ko nakasarsa. Ita ma FIFA ta haramta wariya a sashe na 4 na kundin dokokinta. To mu da muke zaune a garin da ba namu ba, ya kamata mu tsaya mu duba abin da wannan alƙawari yake nufi.

Koci alƙali ne. Yara talatin za su zo atisaye, goma sha ɗaya zai zaɓa. Idan a makaranta ya ga ana ba da gurbi da sanayya, haka zai yi a fili shekara da shekaru, kuma 'ya'yan baƙi su ne farkon waɗanda za su zauna a benci. Saboda haka tarbiyyar da aka ba shi ta shafi kowane gida a cikinmu mai yaro ɗan ƙwallo.

Amma mene ne rashin wariyar? Wani zai ce a yi wa kowa doka ɗaya, shi ke nan. Ai mu 'yan kasuwa mun san wannan: mudun da ka auna wa Bayarabe, da shi za ka auna wa Bahaushe. Gaskiya ne, sai dai doka ɗaya tana iya zama tarko. A da, dokar ƙwallo ta hana kowa rufe kai a fili. A takarda ta hau kan kowa, a zahiri mata masu hijabi ta kora. A 2011 an hana 'yan matan Iran buga wasa da Jodan a kan haka. Sai a 2014 aka ɗage dokar, kuma a gasar kofin duniya ta mata ta 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga da hijabinta, ƙwallo ba ta lalace ba. A Ingila ma, tun 2021 alƙalan wasa kan ɗan tsayar da wasa idan rana ta faɗi don masu azumi su sha ruwa.

Kun ga ke nan abu biyu ne. Akwai ma'aunin aikin kansa: sanin dokokin wasa, iya tsara atisaye, iya riƙe yara, cin jarrabawa. Wannan mudu ɗaya ne, ba a rage wa kowa, ba a ƙara wa kowa. Akwai kuma sharuɗɗan da ba su da alaƙa da iya aikin: sutura, karin harshe, sunan garin kakanka, ko sa jarrabawa daidai lokacin sallar Juma'a ko safiyar Lahadi. Makaranta mai cika alƙawari ita ce wadda ta riƙe na farkon da ƙarfi, ta sassauta na biyun. Wadda ta ba da satifiket ga wanda bai iya ba don a ce ta haɗa kowa da kowa, ta cuci yaran da zai horar gobe.

Mun san abin da wasu dattawanmu za su ce: takarda ce kawai. Suna da hujja. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi ko addini. Duk da haka, yaron da aka haifa a Legas, ubansa ma a nan aka haife shi, ana iya ce masa ya je Arewa ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukuma. To amma wa a cikinmu zai ba da bashin buhu ɗari ya ƙi rubutawa don wai rubutu ba ya biyan bashi? Rubutun shi ne abin kamawa ranar gardama. Shari'ar hijabi a makarantun jihar Legas ta ɗauki shekaru, amma a 2022 Kotun Ƙoli ta ba ɗalibai mata gaskiya, kuma da abin da aka rubuta a tsarin mulki aka yi nasara.

Saura ɓangaren da ya fi nauyi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Alƙawarin da muke so a cika mana, mu ma ya hau kanmu. Idan ɗanmu ya gama kwas ya karɓi kulob ɗin unguwa, ya ajiye ɗan maƙwabcinsa ya sa yaron Ibo saboda ya fi shi iya tare baya, za mu ce ya yi adalci ne, ko za mu ce ya watsar da 'yan'uwansa? Idan mace ce ta fi kowa maki aka ba ta 'yan mata ta horar fa? Ga kuma 'yan'uwanmu da shan-inna ta kama, masu buga ƙwallon guragu da hannu a kan katako mai taya. Cikinsu akwai masu kaifin karanta wasa, kuma tun 2019 akwai dokar ƙasa da ta hana wariya ga masu nakasa. Wanda ya nemi mudu ɗaya ranar da yake saye, ba zai canza shi ranar da yake sayarwa ba.

Mun taɓa ganin amfanin haka da idonmu. A 2013 Manu Garba ya kai 'yan ƙasa da shekara 17 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Kyaftin ɗinsa Musa Muhammed, a gaba kuma ga Kelechi Iheanacho da Taiwo Awoniyi. Suka ci Meziko 3-0 a wasan ƙarshe, suka dawo da kofin duniya. Da garinsu kaɗai ya duba wajen zaɓe, da ba mu ga kofin nan ba.

Don haka, iyaye, kafin ku biya kuɗin fom, ku tambaya: alƙawarin a rubuce yake? Idan an ware yaro, wurin wa zai kai ƙara, kuma wa zai saurare shi ban da malamin da ya yi masa? Su wa suka gama bara, daga ina suke? Ku kuma matasa masu shirin shiga, ku riƙe kwafin takardar, ku yi karatu yadda ba wanda zai sami hujja a kanku. Ranar da usur ya zo hannunku, ku auna wa ɗan kowa da mudun da kuka nemi a auna muku.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba mu zama lafiya da maƙwabtanmu. Juma'a mai albarka.