Gargaɗi Ga Matasa Masu Sana'a Da Wuta



Ya kai ɗan'uwa matashi, ka sani jikinka amana ne. Cikin Suratul Waƙi'a, Allah ya bayyana cewa ya sanya wutar da muke hurawa ta zama abin tunatarwa kuma abin amfani. Da ita maƙeri da mai walda da mai gasa burodi da mai shayi suke neman halaliyarsu a nan birnin Katsina. To, amma wuta ba ta da sabo.

Ranar 22 ga Maris, 2021, gobara ta tashi a Babbar Kasuwar Katsina, ta cinye shaguna masu yawa. A watan Oktoba, 2024, tankar fetur ta faɗi a Majiya ta Jihar Jigawa, jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta kama, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Sai ka ji wani ya ce, "Ai ƙaddara ce, abin da zai same ka sai ya same ka." Haƙiƙa mun yi imani da ƙaddara, amma ba ta zama hujjar sakaci ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina. Da labari ya kai ga Annabi (S.A.W.), sai ya kira wuta abokiyar gaba, ya yi umurni a riƙa kashe ta kafin barci. Shin ka fi shi tawakkali ne? Wani kuma ya ɗaura laya, wai maganin wuta. Subhanallahi! Laya ba ta hana ƙarfe ƙuna, sai dai ta ɓata maka tauhidi.

Saboda haka ka riƙi sababi:

1. Mai walda, sa tabarau da safar hannu da takalmi rufaffe. Guji rigar roba, don narkewa take ta manne a fata. Kada ka ɗora wuta kan tankin mai, ko da babu komai ciki. Tururin da ya rage shi ke fashewa.
2. Ɗan bumburutu da mai cika tukunyar gas, ba taba, ba ashana. Kada a zuba wa janareto mai yana aiki.
3. Bakanike, kada ka buɗe lagireto da zafinsa.
4. Ajiye bokitin yashi kusa. Wutar fetur ko man suya ba a watsa mata ruwa. Ta lantarki kuwa, fara yanke wutar.

Kai kuma maigida, ji tsoron Allah game da yaran shagonka. Ka sa yaro aikin wuta, ba horo ba kayan kariya, in ya ƙone ka ce tsautsayi? Wallahi za a tambaye ka.

Idan abin ya auku, wanda tufarsa ta kama kada ya ruga. Ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. A yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, ban da ƙanƙara. A cire zobe da agogo kafin kumburi. Kada a ɓamɓare tufar da ta manne, kada a fasa bororo. Ban da manja, ban da ɗanyen ƙwai, ban da man goge baki. A rufe da ƙyalle mai tsabta. In ƙunar ta fi tafin hannu, ko ta taɓa fuska ko hannu ko al'aura, ko ta lantarki ce, maza asibiti.

Daga ƙarshe, ya tabbata a hadisi cewa wutar duniya kashi ɗaya ce cikin 70 na wutar Jahannama. Kai da tartsatsi ke sa ka zabura, yaya kake wasa da salla?

Allah ya tsare mu daga wutar duniya da ta lahira, ya sa albarka cikin sana'o'inmu. Amin.