Wanda ya bar gida, ya yi laifi?

Ɗan'uwa mai karatu, ga wata tambaya da ta shafe ka. In ba kai ta shafa ba, ta shafi ɗanka, ko ƙanenka, ko mijin ƴarka.

Kowace shekara, da an gama girbi an sa hatsi a rumbu, samari sai su ɗaure kaya. Wasu su tsaya Maraɗi. Wasu su wuce Katsina da Kano da Legas. Wasu su yi arewa, Agadas, har Libiya da Aljeriya. Wannan shi ne cirani. Wani ya dawo da ruwan fari. Wani ya yi shekara biyu. Wani ba a ƙara jin ɗuriyarsa.

Magabata sun bar mana magana biyu. Sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sun kuma ce, zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. To, wacce za mu kama? Mai tafiya laifi ya yi, ko kuwa dabara? Mu bi maganar sannu a hankali.

Maraɗi ma tasowa ta yi

Kafin ka zargi mai ƙaura, dubi garin da kake kai hatsinka kasuwa.

A shekarar 1807 mayaƙan jihadi suka ci birnin Katsina. Gidan sarauta na da ya fita da jama'arsa. Bayan sun sha yawo, Sarki Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Gobirawa ma haka. Birninsu Alkalawa ya faɗi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa Tibiri, kusa da Maraɗi. Can Sarkin Gobir yake zaune. Ka ga ke nan, manyan garuruwanmu biyu masu hijira ne suka raya su.

Ba a nan ta tsaya ba. Tsohon garin Maraɗi cikin kwarin gulbi yake. A 1945 gulbi ya yi ambaliya, ya ci gidaje. Turawan Faransa, masu mulki a lokacin, suka mai da garin kan tudu, suka yanka tituna miƙaƙƙu. Mutanen Bagalam da Mokoyo da Ƴandaka da Ɗan Gulbi suka hau tudu da sunayen unguwanninsu. Ba wanda ya ce da su raggaye. Ruwa ya zo, suka kauce.

Saboda haka tashi shi kaɗai ba abin kunya ba ne. Da kakanni sun ƙi tashi, da wasunmu ba a haife su ba.

Abin da ke tayar da mutum

Ba wanda ke barin tuwon gidansu don marmari. Abu biyu ne ke gaba wajen korar manomi.

Na farko ruwan sama. Iska biyu ke mulkin ƙasarmu. Ɗaya tana fitowa daga hamada, arewa maso gabas. Busasshiya ce, ita ke kawo hunturu da hazo. Ɗayar tana fitowa daga teku, kudu maso yamma, ɗauke da laima. Ita ke kawo hadari. Tana isowa wurinmu wajen watan Yuni, ta koma wajen ƙarshen Satumba. In ta makara, ko ta koma da wuri, shekara ta ɓaci.

Masu awon ruwa suna da wani gwangwani mai layi-layi da suke kafawa a fili. Awonsu ya nuna ruwan Maraɗi a shekara yana kai wajen milimita 500. Ma'ana, da ruwan damina duka zai tsaya a ƙasa, bai nutse ba, bai gudu ba, da zai kai gwiwar babban mutum. Da wannan ɗan ruwa na wata huɗu ake ciyar da gida wata goma sha biyu. Kuma ba kullum yake cika ba. Tsofaffi ba su manta farin 1973 da 1974 ba, lokacin da shanu suka ƙare, noman gujiya ya durƙushe. An sake yin wani a 1984. A 2005 yunwa ta yi tsanani a jihar Maraɗi, yara da yawa suka galabaita.

Na biyu ƙarancin gona. A ƙidayar 1977 mutanen Nijar sun ɗan wuce miliyan 5. A ta 2012 sun wuce miliyan 17. Mutane sun ninka fiye da sau uku, ƙasa ba ta ƙaru da taƙi ɗaya ba. Gonar da uba ya noma shi kaɗai, ƴaƴa shida suka raba. Jikoki kuma za su sake rabawa. A kudancin Maraɗi, wajen Jiratawa, gonaki sun matse har mata da yawa ba su da gamana.

Yi lissafi da kanka. In damin da ka samu zai ƙare cikin wata biyar, saura wata bakwai fa? Saurayin da ya tafi bayan girbi ya rage wa rumbu baki ɗaya. In ya aiko da kuɗi, ya ƙara masa tiya. Wannan bai gudu ba. Taimako ya yi.

Birni na bayarwa, birni na karɓa

A 1977 mutanen garin Maraɗi ba su kai 50,000 ba. A 1988 sun kai wajen 110,000. A 2012 sun wuce 267,000. Haihuwa ta kawo wasu, ƙauyuka suka kawo saura. Unguwanni irin su Sabon Gari da Zariya suka yi ta faɗi. Gonakin bakin gari suka zama filayen gini.

Me ke jawo mutane? Akwai babbar kasuwa. Akwai iyakar Najeriya kusa, ta Ɗan Isa da Jibiya. Akwai asibiti da makarantu da famfo da lantarki. Mai ƙarfi zai yi dako, ko ga-ruwa, ko leburan gini, ko kabu-kabu. Alhazan Maraɗi da ake labarinsu, da yawansu da ƙaramin talla suka fara, ko da yi wa wani yaron kanti.

Amma kada labarin mutum ɗaya ya rufe maka ido ga dubu. A ƙauye kana sha a rijiya, ka kwana a ɗakin ubanka. A birni ruwa kuɗi, itace kuɗi, wurin kwana kuɗi. Mai dako in ya kwanta ciwo kwana uku, abin da ya tara a wata ya tafi.

Nesa kuma ta fi haɗari. A 1983 Najeriya ta kori baƙi marasa takardu, ƴan Nijar na cikinsu. A 2011 yaƙi ya tashi a Libiya, dubban ƴan'uwanmu suka dawo hannu wofi. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu mata ne da yara. Wanda ya ce maka tafiya duk riba ce, bai gaya maka gaskiya ba.

Wa ke biyan kuɗin tafiyarka?

A nan nauyin maganar yake. Mai tafiya yana tsammani shi kaɗai ya ɗauki wahala. Ba haka ba ne.

Dubi Gulbin Maraɗi. Daga ƙasar Katsina ya taso. Ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya bi ta Jiratawa, da Maraɗi, da Tibiri, da Gidan Rumji. Sannan ya koma Najeriya, ya faɗa gulbin Rima. Da damina yake gudu, da rani ya zama yashi. In ya cika ya malala, yakan bar laka mai taki a fadama, ya kuma cika rijiyoyi. A ƙarshen shekarun 1980 aka gina madatsar ruwa a Jibiya. Mutanen can suka sami ruwan noman rani. Manoman fadama na wajenmu kuwa suka ga zuwan ruwa ya sake. Na sama bai yi don mugunta ba, amma abin da ya yi ya taɓa na ƙasa. Don haka a 1990 Nijar da Najeriya suka sa hannu a wata yarjejeniya a Maiduguri, kan rabon ruwan da suka haɗa. Gulbin Maraɗi na cikinta.

In ƙasashe biyu sun ga ya wajaba su zauna su yi shawara kan ruwa, ina ga mutum da iyalinsa? Tafiyarka tana taɓa waɗanda ka bari. Matarka ce za ta san yadda za a kai ga damina. Tsohonka ne zai riƙe hauya da baya mai ciwo. Ɗanka ne za a cire daga makaranta don ya yi kiwo. In an jinginar da gona don kuɗin mota, kuma ba ka dawo da komai ba, gonar ta tafi ke nan. Ka yi tafiyar wata shida da abin da zai ciyar da jikokinka.

Ke ma ƴar'uwa mai karatu, kin fi kowa sanin wannan. Ke ce kike auna hatsi da dare, kina lissafin kwanaki. Kina da haƙƙin a yi shawara da ke kafin a tafi.

Zama ma yana da aiki

Wani zai ce, to, kowa ya zauna gida. Faɗi da baki ba wuya. Wanda bai da gona, zaman me zai yi? Kuma mai zaman kashe wando a gindin bishiya, daga kaka har bazara, bai fi ɗan cirani ba. Yana ci daga rumbu, ba ya zubawa.

Amma akwai waɗanda suka zauna, suka yi abin gani. A farkon shekarun 1980 aka buɗe filin noman rani na Jiratawa, wajen hekta 500. Injuna ke jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa. Ana noma da damina, ana noma da rani. Zogalen Jiratawa ya yi suna har Yamai. Sai dai filin ba zai ishi kowa ba, kuma gyaran inji da kuɗin lantarki nauyi ne kan manoma.

Akwai wata dabara da ba ta son inji. Tun wajen 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi aiki da manoman Maraɗi kan sassaben zamani. In ka zo sharar gona, kada ka sare duk tohon kututture. Zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, ka gyara su, ka bar su su girma. Da fari an yi wa masu yi dariya. Bayan farin 1984 mutane suka kama. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun tashi a hekta miliyan 5, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. Gawo na ba gona taki. Itace na tare iska, ya ba da makamashi da abincin dabbobi. Ba gwamnati ce ta dasa su ba. Manoma ne irinka suka bar su suka tsira.

To, ina hukunci?

Laifi ba a ƙafa yake ba. Yana ga abin da ka bari a baya, da abin da ka yi da amanar da ke wuyanka. Kafin ka hau mota, tambayi kanka abu huɗu.

Na ɗaya: na yi shawara da iyayena da matata, ko sulalewa zan yi?

Na biyu: abin da na bar musu zai kai su har saƙona na fari ya iso?

Na uku: kuɗin tafiyar nan daga ina? In sai an sayar da gona, a dakata.

Na huɗu: yaushe zan dawo, kuma wa zai yi shuka in ban dawo ba?

Wanda ya amsa waɗannan da gaskiya, ya tafi, Allah ya ba da sa'a. Bai bar gida ba, gida ne ya aike shi. Yau akwai wayar salula, akwai hanyoyin aiko da kuɗi. Ba sauran hujjar yin shiru shekara guda. Wanda ya tafi ya manta da na baya, shi ne gida ya bari, ko da a Sabon Gari yake, tafiyar awa ɗaya daga ƙauyensu.

Na gida ma da nasu. Kada a kashe kuɗin cirani duka a biki. A sayi akuya, a fanshi gona, a sa yaro makaranta. In ɗanku ya dawo bai samo ba, kada ku yi masa gori. Tsoron gori ne ke hana wasu dawowa har su lalace a can.

Kai kuma da ka riga ka zauna birni, ga naka. In ka ga baƙo da buhu a kafaɗa yana neman wurin kwana, tuna yadda garin ya samu. Daga 2019 dubban mutane suka gudo daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina saboda ƴan bindiga. Ƙauyukan Gidan Rumji suka karɓe su, alhali su ma rumbunansu ba cike suke ba. Haka aka karɓi kakanninmu a bakin wannan gulbi.

In kun taru a ajin karatu, ku karanta wannan tare. Ku ƙirga mutum nawa suka tafi cirani bana daga garinku, nawa suka aiko, nawa suka dawo kafin shuka. Ku rubuta a allo. Sannan kowa ya faɗi ra'ayinsa, maza da mata.