Gidan Bois-Larris: shin gini yana ɗaukar laifi?

A gefen garin Lamorlaye, kimanin kilomita 40 arewa da birnin Paris, akwai wani tsohon gida cikin itatuwa da ake kira Bois-Larris. Na iyalan Menier ne, attajiran nan masu sana'ar cakulan. Da Jamus ta mamaye Faransa sai aka ƙwace shi, a watan Fabrairun 1944 kuma dakarun SS suka mayar da shi gidan haihuwa.

Kowa ya ji gidan haihuwa sai ya ji sanyi a ransa. To amma wannan na shirin Lebensborn ne, wanda Himmler ya kafa a 1935 domin yawaita jinsin da ƴan Nazi ke ganin ya fi sauran bil'adama. Ba kowace mai ciki ake karɓa ba. Sai an bincike asalinta da na uban cikin, wanda galibi sojan Jamus ne. Wadda ta tsallake za ta samu abinci da gado mai tsabta da ungozoma, a lokacin da gwamnatin da ke ciyar da ita take cika jiragen ƙasa da ƴaƴan Yahudawa zuwa sansanonin kisa. Jarirai ashirin da ƴan kai aka haifa a gidan. A watan Agusta, da sojojin ƙawance suka matso, aka kwashe su zuwa Jamus, suka ƙare a Steinhöring kusa da Munich. Wasu daga cikinsu sun girma a hannun masu riƙo, ba su san sunan uba ba.

A nan tambayar take. Ungozomar da ta yanke cibiya ta yi aikin alheri ko kuwa? Jaririn dai ya rayu, wannan ba ƙarya ba ne. Sai dai ni a ganina jinƙan da aka gina kan tankaɗe mutane, a zaɓi wannan a zubar da wancan, kiwo ne kawai. Mai kiwon rago ma yana ba shi dusa.

Ginin kuwa ba shi da niyya, dutse ne da katako. Daga baya ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ta buɗe cibiyar kula da yara masu naƙasa a harabar, wato irin yaran da Nazi ke kashewa da sunan tsarkake jini. Wasu za su ce hakan ya wanke wurin. Ban yarda ba, domin wanda aka zalunta ne ke yafewa, bango ba ya tuba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda aka haifa a can. Bahaushe in ya ce mahaifa, yana nufin inda aka binne cibiyarsa, wurin da yake ambata da alfahari ko da ƙauye ne mai bukka goma. Su kuwa shekaru suka yi suna bin takardu daga wannan ofis zuwa wancan don sanin tasu, waɗanda suka gano kuma sun tarar da sunan Himmler a kanta. A bana, mai rai a cikinsu ya haura shekara 80.