INA RUWANA?

 Yau maganar da na zo mana da ita a kan wani abu ne da kowaccenmu take yi sau biyar sau shida a rana ba tare da ta tsaya ta yi tunani ba, wato zubar da ruwa. Kin gama wanke-wanke kin kwarara, kin gama wanki kin tuntsurar da baho, kin wanke kifi ko kayan ciki kin watsa, ruwan ya bi ta rariya ya fice waje, ke kuma kin juya kin ci gaba da sha'aninki. Akwai maganar da muka saba faɗa idan muna son zame jikinmu daga wani al'amari, sai mu ce "ina ruwana?" To ni dai wata damina ce ta sa na koma ina yi wa kaina wannan tambayar da gaske, ina ruwan nawa yake tafiya idan ya bar ƙofar gidana, kuma wa yake tararwa a hanya?

Bari in ba ki labarin yadda aka yi. Gidanmu a cikin Kano yake, a saman wani lungu mai gangare. Ni kuwa ko maƙiyina ya san ina da tsafta, tsakar gidana sai ki zubar da tuwo ki ɗauka ki ci, domin sai da na matsa wa maigidana lamba ya shafe ta da siminti tun daga ƙofar ɗaki har zaure, ko tafin hannu ba a bari na ƙasa ba. Muna da wata ɗabi'a a lungun, da zarar hadari ya haɗo an fara yayyafi, kowane gida sai ya fito da shararsa a juye a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Wani dare a cikin watan Agusta hadari ya taso baƙi ƙirin, na kira almajirina na ce maza ya kwashe shara kafin ruwa ya sauko. Na san sarai inda zai kai ta, ban dai tambaya ba. Aka kwana ana tafka ruwa, ni kuwa na yi barcina har da minshari, da safe na fito na tarar da tsakar gidana fes kamar an wanke faranti.

Can da hantsi sai ga labari wai ruwa ya shiga gidan Iya mai koko da ke ƙarshen lungu, bangon ɗakinta na ƙasa ya zube, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma geronta da katifarta da 'yan tsummokaranta duk sun tafi. Muka saka mayafi muka tafi jaje. A ƙofar gidan muka tarar da samari suna yashe kwalbatin da ya toshe, sun tara abin da suka ciro tsibi guda, ledoji ne da robobi da famfas da tsumma. A saman tsibin nan na hango wata fasasshiyar robar wanke-wanke, a gindinta ga alamar da na yi mata da jan farce da hannuna don kada ta ɓace a gidan biki. Wallahi sai na ji ƙafafuna sun yi sanyi. Na shiga na durƙusa na gaida Iya na yi mata jaje, ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ai mu na gangare mun saba. Duk abin da kuka gaji da shi a can sama, wurinmu yake zuwa ya kwana." Ba ta ambaci sunan kowa ba, ban kuma san ko ta ga robar ba, amma ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Tun daga ranar nake juya maganar a raina. Mu dai abin da aka koya mana tun muna yara shi ne mace ta tsaftace ɗakinta da tsakar gidanta da madafinta, kuma gaskiya ne. Amma ba a taɓa zaunar da mu an ce mana dattin da muka fitar ba ɓacewa yake yi ba, wuri kawai yake sakewa. Idan na share ɗakina na tura sharar ƙofar ɗakin kishiyata, kowa zai ce na yi rashin mutunci, har a tara mana manya. To mene ne bambancinsa da in tura ta ƙofar Iya? Bambancin kawai shi ne ruwa na aika ya kai mini, kuma ya kai da daddare ba wanda ya gani. Ashe tsaftar da nake taƙama da ita rabinta a kan wuyan wata take.

Kada ki ɗauka a ƙarshen lungu maganar ta tsaya. Mu da muke cikin birni da kewayensa, yawancin kwatocinmu rafin Jakara suke faɗawa, rafin nan da ya ratsa ta gefen kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Kin ga ke nan shekaru aru-aru rafin yana tare da mutanen garin nan, yau kuwa mun mayar da shi babbar kwata. Daga cikin gari ya miƙa arewa maso gabas, a hanya ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, su tafi tare har madatsar ruwa ta Wasai a ƙasar Minjibir. A bakin rafin nan kuwa masu lambu ne jere, da rani da wannan ruwan suke ban ruwan latas da kabeji da karas da alayyafo, a Wasai kuma masunta suna kama kifi. To ina kike zaton ake kai kayan lambun nan? Kasuwa ake kawo su, mu aika a sayo mana, mu yanka mu haɗa kwaɗo ko salak mu ajiye wa maigida da yara. Abin da kika zubar ta rariya ya zagayo ya shigo miki ta zaure a cikin kwando.

Kuma ba duka datti ne ido yake gani ba. Kashin yaro da aka wanke a bakin rariya, ko famfas da aka jefa a kwata, su ne suke ɗauke da ƙwayoyin cutar amai da gudawa da taifot, ruwan sama ya kwashe su ya shigar da su rijiyoyin da ba su da murfi ko bakinsu ya yi ƙasa. Baƙin man janareta da ake juyewa a kwata shimfiɗuwa yake a saman ruwa ya hana iska shiga. Ruwan omo da ragowar abinci idan suka taru a ruwan da ba ya gudu, taki suke zamar wa gansakuka ta yi ta yaɗuwa, idan ta ruɓe ta cinye iskar da kifi yake shaƙa. Ita kuwa leda, ba ta ruɓewa kamar ganye, tana nan shekara da shekaru, in ba ta toshe kwalbati ba to tana cikin tumbin akuyar wani.

Sai kuma maganar simintin nan da na sa aka shafe gida da shi, wanda ban taɓa zaton yana da laifi ba. Ƙanena da ya yi karatun gine-gine shi ya yi mini lissafin. Ya ce, "Yaya, duk ruwan da ya sauka milimita 1 a kan fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1, lita 1 ke nan. Gidanki da rufinsa da tsakar gidansa a ce mita 10 ne sau 10. Idan aka yi ruwa mai ɗan ƙarfi na milimita 20, lita 2,000 ce ta sauka a gidanki kaɗai, wato jarkar 'yan garuwa mai lita 25 har guda 80." Da can da tsakar gida take ƙasa, wani kaso ƙasar take shanyewa ya gangara ya ƙara wa rijiya. Iyayenmu kuma suna da kududdufai a cikin unguwanni, ramukan da aka haƙi ƙasar gini, su suke tare ruwan damina su riƙe shi. Yanzu an cike da yawansu an yi gini a kai, gidaje kuma kowa ya shafe nasa, ruwan bai da wurin zama sai ya fito gaba ɗaya a lokaci guda ya nufi na gangare. Abin haushin ma, jarka 80 ɗin nan da na kora waje da daddare, da safe ni ce nake leƙe ina jiran mai ruwa in saya da kuɗina.

Na san abin da wata za ta ce, domin ni ma na faɗa. Za ta ce, "Yo ni bahon wankina guda me zai yi? Ga masu kamfani can suna sakin ruwan jima da na rini dare da rana, ga hukuma ba ta zuwa kwasar shara a lungunmu, ni da ko fita ba na yi ina ake so in kai?" Wannan magana akwai gaskiya a cikinta, ba zan ce babu ba. Laifin mai kamfani ya fi naki girma nesa ba kusa ba, kuma haƙƙi ne a kan hukuma ta samar da wurin zuba shara ta kuma riƙa kwashewa. Amma Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kwalbatin ƙofar Iya ba kamfani ne ya toshe shi ba, mu ne matan lungu, kowacce da 'yar ledarta tana cewa tawa guda ɗaya me za ta yi. Da yayyafi kogi kan cika. Girman laifin wani ba ya goge nawa, kuma ranar da za a tambaye ni, a kan robata za a tambaye ni.

Wata kuma za ta ce ai ba da niyya ta yi ba. Haka ne, ni ma ban kwanta da niyyar rushe ɗakin kowa ba. Sai dai akwai rashin sani, akwai kuma ƙin tambaya. Lokacin da na miƙa wa yaron nan shara ana yayyafi, na san ba bola zai je ba, na zaɓi in yi shiru ne don shirun ya fi mini sauƙi. Yaro ɗan shekara goma da aka aika cikin hadari, ina laifinsa? Laifin yana wurin wadda ta aike shi.

To me na canza? Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma ga shi ko wata za ta amfana. Na farko na daina fitar da shara idan hadari ya haɗo, ina tara ta a buhu, mu gida huɗu muka haɗa kuɗi muna biyan mai baro yana kai ta bola sau biyu a mako. Na sa 'yar raga a bakin rariya tana tare ƙwayar shinkafa da ɓawon albasa, in kwashe in zuba wa kaji. Man suya da ya ƙone ba na juye shi a ruwan wanke-wanke, baƙin man janareta kuwa na roƙi maigida yana zuba shi a galan ya mayar wa makanike. Kashin yara masai yake tafiya, can ne wurinsa. Na sa duro biyu a ƙarƙashin indararo, idan ruwa ya sauko sai in bar na farko ya wanke ƙurar rufi ya wuce sannan in tara, in rufe bakin ruf saboda sauro da kuma yara, da shi nake wanki da wanke banɗaki. Sannan na lallaɓi maigida aka fasa simintin wani gefe na tsakar gida, ya yi ta mita yana cewa, "Ke kika sa aka yi, ke kuma kika sa a fasa." Na ce, "Na ji, Malam, a yi haƙuri, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba." A wurin na shuka zogale da lalle da gwanda, ruwan ɗauraya da na alwala da na wankin shinkafa can nake zubawa, yanzu ga shi har maƙwabta suna aiko a tsinko musu zogale. Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata kuma da ake tsaftar muhalli, mukan sa samarin gidajenmu su yashe kwata tun daga sama har ƙofar Iya, a kuma kwashe abin da aka ciro, don idan aka bar shi a gefe ruwan farko zai mayar da shi ciki.

Ban ce na gyara rafin Jakara ba, ni wa? Har gobe idan kika bi ta gefensa sai kin toshe hanci. Abin da na sani shi ne da can maƙwabtana a wurina su ne wanda muka haɗa katanga da wanda muke miƙa wa tuwon sallah. Yanzu na gane duk wanda yake ƙasa da ni a kan hanyar ruwa maƙwabcina ne, tun daga Iya, har mai lambun da ban san sunansa ba, har matar masuncin da take wanke wa jaririnta kaya a Wasai. Ba za su taɓa zuwa su yi mini sallama su kai ƙarata ba, shi ya sa ma haƙƙin nasu ya fi ba ni tsoro.

Iya ta sake gina ɗakinta da taimakon mutanen unguwa, ni ma na ba da abin da ya sawwaƙa. Daga baya na yi ƙarfin hali na je na faɗa mata maganar robar, na ce ta yafe mini. Ta yi dariya ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya 'yar nan, ai na gan ta tun ranar." Don haka 'yar uwa, gobe idan kin ɗaga baho za ki tuntsurar, ki ɗan dakata ki tambayi kanki ina ruwan nan zai kwana. Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya raba mu da ɗaukar haƙƙin wanda ba mu sani ba, amin.