Haya a Ƙauyen Bakin Kogi: Wa Ke Ɗaukar Asara, Wane Ne Ɗan Gari?

Haya yarjejeniya ce da mutum ke mallakar amfanin wani abu zuwa lokaci sananne a kan kuɗi sananne, shi kuwa ainihin abin yana nan na mai shi. Malaman Malikiyya, mazhabar da aka fi bi a ƙasar Hausa, suna ɗaukar ta ɗaya daga cikin nau'o'in ciniki, sai dai abin da ake saya zaman cikin gida ne, ba ginin ba. A birni wannan bambanci bai cika ta da ƙura ba. A ƙauyen da ke bakin kogi kuwa, inda ruwa kan ci katangar ƙasa cikin dare ɗaya, yakan haifar da tambayoyi biyu: idan gida ya faɗi, asarar ta wace ce? Shi kuma ɗan hayar da ba shi da ko taƙi ɗaya a garin, baƙo ne ko ɗan gari?

Karɓar kuɗin ɗaki ba tsohon abu ba ne a ƙauyuka. A da baƙo kan sauka wurin mai gari ko mai unguwa a ba shi masauki, idan zamansa ya yi tsawo a ara masa ɗaki, ko a yanka masa fili ya kafa bukka. Abin da yakan bayar na godiya ne, dami bayan girbi ko kifi idan an yi kamu. Haya ta yaɗu ne da zuwan masu albashi da masu neman kuɗi: malamin firamare, ma'aikacin ɗakin shan magani, 'yan bautar ƙasa tun daga 1973, dillalan banda, da 'yan cin rani masu noman albasa da shinkafa a fadamun Yawuri da Haɗeja. Fiƙihu ya raba aro da haya: na farko alheri ne, ta biyu kuwa musaya ce mai ɗora wa kowane ɓangare haƙƙi. Rigima da yawa da ake kaiwa gaban dagaci tushenta shi ne an ji kunyar faɗin wanne ake nufi tun ranar farko.

Haya ba ta inganta sai an san gidan, an san kuɗin, an san lokacin. Wajen lokaci akwai hanya biyu. Idan an ce kowane wata kaza ba tare da yanke iyaka ba, kowannensu na iya janyewa, sai dai gwargwadon abin da aka riga aka biya. Idan kuwa an yanke wa'adi, misali shekara guda, to ya hau kan su duka. Imamu Malik ya yarda a ɗaura wa'adi da girbi, domin lokacinsa sananne ne a al'ada. Wa'adin da mutanen bakin ruwa suka saba da shi, wato "sai ruwa ya janye", ya fi wuyar sha'ani. A wajen Yawuri kogin Kwara sau biyu yake cika: da ruwan damina na kusa, wanda ke zuwa jawur da laka, sannan da ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini, wanda ba ya isowa sai tsakiyar hunturu. Ga kuma madatsun ruwa irin su Tiga da Challawa a saman kogin Haɗeja, waɗanda sakin ruwansu ba ya bin lissafin manomi. Ambaton wata da sunansa ya fi kusa da manufar shari'a, wadda ita ce toshe ƙofar jayayya.

Game da faɗuwar gida, Risala ta Ibnu Abi Zaidin al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, ta yi hukunci a taƙaice: idan gida ya rushe kafin wa'adi ya cika, haya ta warware a abin da ya rage. Mutuwar ɗan haya kuwa ba ta warware ta, magadansa ne ke gadon sauran zaman. Muhtasar na Halilu ya ƙara rarrabewa. Idan abin da ya lalace bai rage amfanin gidan ba, kamar zankon da ke saman soro, kuɗin haya na nan cif. Idan ɗaki ɗaya ya faɗi, a rage gwargwadonsa. Idan ɓarnar mai cutarwa ce, kamar yoyon da ke hana barci, ɗan haya na da zaɓi: ya tashi, ko ya zauna ya biya cikakke. Abin da kan ba mutane mamaki shi ne, a ra'ayin da ya fi shahara ba a tilasta wa mai gida ya gyara. Wannan hukunci yana da nauyi a kan ɗan hayar ƙauye, domin zaɓin tashi ba shi da wani amfani a garin da ambaliya ta rusa rabin ɗakunansa. Shi ya sa sanya sharaɗin yaɓe da gyaran indararo tun farkon magana ya fi dogara da kara. A ɗaya ɓangaren, ɗan haya amintacce ne: ba ya biyan abin da ruwa ya ci, sai idan sakacinsa ne ya jawo, kamar ya toshe magudana.

Wanda ya kama ɗaki a irin wannan ƙauye galibi yakan kama gona, kuma a nan hukuncin ya fi zurfi. Ba a sharɗanta biyan kuɗi tun gaba a gonar da ba a da tabbacin samun ruwanta, domin kuɗin zai tsaya tsakanin zama haya da zama rance. Idan ruwa ya shanye gonar har lokacin shuka ya wuce, babu haya, tunda manomi bai sami abin da ya saya ba. Amma idan ya riga ya yi shuka, lokacin huɗa ya wuce, sannan ambaliya ta zo, haya ta hau kansa. Fari da ɓarnar ɓera ko tsutsar da ke cikin ƙasar kuwa suna sauke ta, domin ana lissafa su aibin gonar ne. Haka nan Malikiyya sun hana biyan hayar gona da abin da gonar ke fitarwa, hukuncin da ya ci karo da al'adar biya da buhun shinkafa. Wasu mazhabobi, kamar Hambaliyya, sun sassauta wajen noman raba-daidai. Ko mai kwale-kwale an ambace shi: ba shi da lada sai ya kai kaya inda aka yi da shi, amma ba ya biyan abin da ya nutse ba da laifinsa ba.

Duk waɗannan sun ginu ne a kan ƙa'ida ɗaya: mai cin ribar abu shi ke ɗaukar asararsa. Bayan ambaliya, mai gida da ɗan haya kowa kan ce ikon Allah ne, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai imani da ƙaddara bai taɓa hana malamai tambayar wanda zai biya ba, kuma ba ya wanke mai gidan da ya san inda ruwa ke kaiwa kowace shekara ya ɓoye wa baƙo; wannan ha'inci ne. Ita kanta mallakar tana da iyaka. Aya ta 7 a Suratul Hadid ta siffanta mutane a matsayin waɗanda aka wakilta a kan dukiya. Dokar amfani da ƙasa ta Nijeriya ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama bisa al'ada. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, an tashi mutane fiye da 40,000, tsohon garin Busa da tsibiran Gungawa da dama suka koma ƙarƙashin tafki.

Tambaya ta biyu Bahaushe ya amsa ta da karin magana: baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Fiƙihu kuwa ya yi matakai uku, kuma ba da mallakar gida yake aunawa ba, da niyya ne. Matafiyi yana ƙasaru. Da zarar ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya zama mazauni, ya cika salla, Juma'a kuma ta wajaba a kansa idan ana yin ta a garin. Sai mataki na uku, wanda ya ɗauki wurin mazauninsa na dindindin. Da irin waɗannan ne kawai ake ƙirga mutum 12 da Juma'a ke ƙulluwa da su ban da liman. Ke nan ɗan hayar da ya yi niyyar zama har abin da hali ya yi ana ƙirga shi, attajirin da ke da gida a ƙauyen amma sai lokacin girbi yake leƙowa ba a ƙirga shi. Halilu ya yarda da Juma'a a garin bukkokin kara, bai yarda da ita a tantuna ba, abin da ya shafi tungayen Sarkawa masunta kai tsaye: tungar da ake zaune rani da damina daban, wadda ake kafawa don kamun shekara a tashi daban.

Haƙƙin maƙwabtaka shi ma bai jira takardar fili ba. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta haɗa maƙwabci na kusa da na nesa wajen umarni da kyautatawa, hadisi kuma ya sa mutane tarayya a ruwa da makiyaya da wuta. Don haka babu mai hana ɗan haya sha, wanki ko shayar da dabba a kogi, kuma ruwan da lakar kogin ta sauya masa launi yana nan mai tsarkakewa. Kamun kifi ne ke da shamaki: a Argungu da sauran garuruwan Kabi, Sarkin Ruwa ke buɗe wasu gurabe ya rufe su, kuma malamai da dama suna karɓar irin wannan tsari muddin maslahar jama'a yake karewa, ba tare da haɗa shi da tsafi ba. Haƙƙin yana tafe da nauyinsa. Yarjejeniyar haya ba ta ɗora wa ɗan haya gyaran jinga ba, amma idan aka yi gayyar cika buhuna da yashi a bakin kogi, kamar yadda garuruwan Jigawa suka yi a ambaliyar 2022, maƙwabtaka ta ɗora masa fitowa, haka nan zuwa jana'iza da fitar da zakkar kono a garin da ƙaramar salla ta riske shi.